Taimako: rami biyu ne a Sakhr AX-170, ni kuma katirij huɗu nake son sawa lokaci ɗaya

DanFagge_MSX:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin tsofaffin kwamfutoci ina neman shawara kafin in ɗora ayan ɗin dalma a kan abin da in ya lalace ba zan samu madadinsa a Kano ba.

Ina da Sakhr AX-170, tsohuwar kwamfutar gida irin MSX ɗin nan mai madannan Larabci da Turanci, kawuna ne ya taho da ita daga Jidda tun zamanin da yake aiki a can, da ya ga ina son irin waɗannan kayan sai ya bar min ita har da katirij ɗin Alƙur'ani da wasu na wasanni (katirij shi ne ɗan akwatin firogiram da ake sokawa a ramin kwamfutar). Tana aiki lafiya lau, na canza mata kondensa ɗin da suka kumbura, hoto na fita tas a talabijin, ba abin da ke damunta.

Matsalar ita ce ramin katirij biyu ne kawai a samanta. Ni kuma yanzu abin da ke hannuna ya kai huɗu: akwai katirij mai karanta katin SD wanda na yi oda saboda in huta da loda firogiram ta kaset, akwai na ƙarin RAM, akwai na sauti irin FM ɗin nan, sannan ga na Alƙur'anin da nake so ya zauna a jiki dindindin saboda yara. To kullum cikin cire wannan sa wancan nake, kuma wallahi duk lokacin da na zare ɗaya sai gabana ya faɗi, don ina ganin yadda ƙafafun ramin suka fara sakin jiki, wani lokacin sai na ɗan danna katirij ɗin gefe kafin ta gan shi.

Abin da ya zo min a rai shi ne in samo irin soket ɗin mai ƙafa 50 guda huɗu, in jera su a fanel ɗaya, in haɗa ƙafa ta 1 da ta 1, ta 2 da ta 2 har zuwa 50, sannan in ja waya zuwa ramin kwamfutar, kamar dai yadda ake yin ekstenshan na wutar gida. Wani abokina mai gyaran waya a Farm Centre ya ce zai yi min fanel ɗin, amma shi kansa ya ce bai taɓa ganin irin wannan injin ba, aikin hannu kawai zai yi.

Shin hakan zai yi? In ba zai yi ba me ya sa, kuma mene ne hanyar da ta dace? Ba na son in huda jikin kwamfutar ko in yanke wani abu a cikinta. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Samaru:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa dakata tukuna, kada abokin naka ya fara. Tunanin naka rabi daidai ne, don gaskiya yawancin ƙafafun nan 50 haɗa su ake yi kai tsaye kamar yadda ka faɗa, layukan adireshi 16 da na data 8 da su RD da WR na karantawa da rubutawa da agogo duk na kowa da kowa ne. Amma akwai wata ƙafa da ba a tarayya da ita, ƙafa ta 4, wadda ake kira SLTSL. Ita ce kwamfutar ke saukarwa ƙasa ta ce wa katirij "da kai nake". Kowane rami da tasa daban. In ka haɗa katirij huɗu a kan SLTSL ɗaya, duk sanda aka kira ɗaya su huɗun za su amsa tare a kan layukan data guda, wannan yana tura 1 wancan yana tura 0, abin da Z80, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, zai karanta shirme ne, kuma su aisi ɗin, wato ƙananan baƙaƙen na'urorin da ke cikin katirij ɗin, suna ta ja-in-ja da juna suna ɗaukar zafi. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ta ƙi tashi. In an daɗe a haka ana iya rasa ROM ɗin da ba a sake buga irinsa.

Bari in yi maka bayanin yadda tsarin yake don in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Z80 ɗin da ke ciki 64KB kawai yake iya gani a lokaci ɗaya. Waɗanda suka tsara MSX a 1983, wato kamfanin ASCII na Japan da Microsoft, sai suka raba 64KB ɗin gida huɗu, kowanne 16KB, ana ce musu shafi 0 zuwa 3. Sannan suka yi manyan ramuka huɗu, 0 zuwa 3, kowane shafi ana iya nuna masa ramin da zai leƙa. Ana zaɓen ne ta fot A8, wata ƙofa da Z80 ke aika umarni ta cikinta, bit biyu-biyu ga kowane shafi. Rami 0 nan BIOS, manhajar da ke tayar da injin, da BASIC, yaren rubuta firogiram, suke zaune, RAM ma sai ya ci wuri, shi ya sa a yawancin injinan biyu ne suke ragewa a fito da su waje, 1 da 2. To ka ga ba rowa suka yi maka ba, lissafin ne ya ƙare a nan.

Abin da ya burge ni da MSX shi ne tun daga farko sun san mutane za su buƙaci ƙari, sai suka saka hanyar a cikin ƙa'idar kanta. Kowane babban rami ana iya tsaga shi zuwa ƙananan ramuka huɗu, in an tsaga duka ka samu 16. Yadda ake yi: fanel ɗin da ke tsaga ramin, wanda ake kira ekspanda, yana da rijista tasa, wato ɗan wurin ajiyar lamba, mai bit 8 da ke zaune a adireshi na ƙarshe, FFFF, a cikin wannan ramin. In kwamfuta ta rubuta a nan, ta zaɓi ƙaramin ramin da kowane shafi zai gani. In ta karanta kuma sai ya dawo mata da kishiyar abin da ta rubuta, duk 1 ya koma 0, duk 0 ya koma 1. Da wannan juyin ne BIOS ke gane cewa ramin a tsage yake lokacin da take tashi, don RAM na gaskiya abin da ka rubuta shi zai dawo maka. Ma'ana ba ka buƙatar wani direba, ba ka buƙatar taɓa cikin injin, BIOS ɗin da ke cikin AX-170 ɗinka ta riga ta san da zancen tun ranar da aka ƙera ta.

In za a haɗa da hannu ba wani abu ne mai yawa ba. Aisi masu lamba 74LS30 guda biyu su gane cewa layukan adireshi 16 duk suna sama, 74LS273 ya riƙe abin da aka rubuta kuma a haɗa shi da RESET don ya koma sifili in an kunna, 74LS240 ya dawo da shi a juye, 74LS153 ya ɗauko bit biyun da suka dace bisa ga A15 da A14, sai 74LS139 ya fitar da SLTSL huɗu sababbi, ɗaya ga kowane soket, da 'yan get kaɗan na haɗa su. Wurin da masu koyo ke yawan mantawa shi ne a toshe SLTSL ɗin huɗun duka a lokacin da ake taɓa FFFF, in ba haka ba RAM ɗinka da rijistar za su amsa tare.

Amma kafin komai yi wannan gwajin. Cire duk katirij, shiga BASIC ka rubuta

PRINT PEEK(&HFCC2), PEEK(&HFCC3)

Nan BIOS ke ajiye bayanin rami 1 da rami 2. In ka ga 0 to ramin ba a tsage yake ba, za ka iya sa masa ekspanda. In ka ga 128 an riga an tsaga shi. Dalilin gwajin shi ne ba a tsaga rami sau biyu, ƙaramin rami ba ya haihuwar wasu ƙananan, kuma akwai 'yan injinan da ramin da ke waje dama ƙarami ne. Ka dawo mana da abin da ka gani, kuma ka faɗa mana sunan katirij ɗin SD ɗin naka daidai, yana da muhimmanci.

Bahaushen_Omdurman:

Salam 'yan'uwa. Kai wannan tambaya ta tuna min da nisa. Mu da muka taso tsakanin Sudan da Saudiyya, in aka ce kwamfuta a gida a wancan lokacin to Sakhr ake nufi, ba wanda ke cewa MSX ma, Sakhr kawai. Kamfanin Al Alamiah na Kuwait ne, na marigayi Muhammad Al-Sharekh, suka ɗauko injinan Japan irin na Yamaha da Sanyo suka sa musu Larabci a ciki, da katirij na karatun yara da na Alƙur'ani, kuma bayan mamayar Iraƙi a 1990 aikin manhajar ya koma Alƙahira. Mutumin ya rasu a 2024, Allah ya jiƙansa, ya yi wa harshen Larabci aiki ba kaɗan ba. Shi ya sa nake roƙonka ɗana ka riƙe wannan injin da kyau, musamman katirij ɗin Alƙur'anin, ba kowa ke da shi yanzu ba.

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na Injiniya, ba wai bayaninsa ba daidai ba ne, daidai ne sarai. Amma me zai sa ka rataya wa injin da ya kusa shekara arba'in fanel mai soket huɗu da wayoyi suna reto, alhali yanzu akwai katirij ɗaya da ya haɗa duk abin da ka lissafa? Carnivore2 misali, wanda wasu 'yan Rasha suka tsara, a cikinsa akwai RAM 1MB, akwai sautin FM da SCC, akwai wurin katin CF, akwai filash na ajiye wasanni. Ko MegaFlashROM SCC+ SD, sai dai shi ba shi da FM. Ka sa shi a rami ɗaya, ka sa Alƙur'ani a ɗayan, shi ke nan ka daina cirewa da sawa, ba dalma ba haɗarin komai. Na san da tsada in an haɗa da kuɗin jirgi da canjin dala, amma ka sayar da ukun da ke hannunka ka cika.

Kuma ko masu wasannin da kansu a kan rami biyu suka gina dabarunsu. Konami sun yi abin nan da in ka sa wani wasan nasu a rami na biyu sai na rami na farko ya canza, Nemesis 2 in ka haɗa shi da Penguin Adventure jirgin ya koma tsuntsun fengwin. Mu dai da biyun muka yi ƙuruciyarmu kuma ba mu ji mun rasa komai ba.

Abu ɗaya da nake so ka duba tunda daga Jidda ta zo: karanta takardar da ke manne a ƙasanta ko bayanta ka ga wutar da aka rubuta. Saudiyya a da akwai gidaje masu 127 akwai masu 220. Tunda ka ce tana aiki to da alama lafiya, amma duk wani abin da ya zo tare da ita ka duba shi shi ma kafin ka soka.

MaiRediyo_SabonGari:

Baba na Omdurman Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma yaron nan ya riga ya kashe kuɗinsa a kan guda uku, kuma wa zai saya a nan in ya ce zai sayar? Mu nawa ne muke da MSX a garin nan. Ni ina ganin ya yi ekspanda ɗin, sai dai akwai abin da Injiniya bai taɓo ba wanda ni a wurina shi ne ya fi kashe kaya, wato wuta.

Ƙa'idar MSX ta ce kowane rami 300mA zai bayar a kan 5V, sai 50mA a kan +12V da 50mA a kan -12V. Wannan lissafin katirij ɗaya ne. Kai kuma za ka ɗora huɗu da aisi shida ko bakwai na ekspanda ɗin a kan rami guda, kuma taransifoma da regileta na ciki tsofaffi ne, ga zafin Kano a watan Afrilu, ga wutar NEPA da ke sauka ta hau yadda ta ga dama. Alamar da za ka fara gani ita ce injin ya yi aiki minti goma ko ashirin sai ya daskare ko ya sake tashi da kansa, ko katin SD ya fara ba da kuskure wajen rubutu, kai kana ta zargin katin alhali 5V ɗin ne ya sauka. An sha kawo min tsofaffin kaya a shago da layin wuta a fanel ya yi baƙi ya ɗago saboda an ja masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Don haka ka ba ekspanda ɗin adaftarsa daban, 5V mai kyau kamar 2A, ba irin cajar bakin titi mai araha ba, ka auna ta da mita tana ɗauke da lodi ka ga ba ta sauka ƙasa da 4.75 ba. Ƙafa ta 45 da 47 su ne 5V, to kada ka haɗa na kwamfutar da na adaftar, ka bar na kwamfutar a yanke a bakin fanel ɗinka. GND, wato layin ƙasa, kawai za su yi tarayya, ƙafa ta 41 da 43. In ka haɗa 5V biyu wanda ya fi ƙarfi zai riƙa tura wuta cikin ɗayan. Kuma wajen kunnawa ekspanda farko sannan kwamfuta, ko ka sa su a makunni ɗaya su tashi tare. Ƙafa ta 48 da 50 kuwa, wato +12 da -12, ka ɗora mita ka gani da idonka ko injin naka na fitar da su, don wasu katirij ɗin sauti da su suke aiki.

Maganar soket mai ƙafa 50, ba sai ka yi oda ba. Ka je wurin masu tsofaffin kwamfutocin tebur ka nemi madabod ɗin zamanin 486 ko Pentium na farko, masu dogayen baƙaƙen ramukan ISA. Tazarar ƙafafunsu 2.54mm ce, daidai da ta MSX. Ɓangaren mai ƙafa 62 za ka cire da iska mai zafi, ka yanke shi da ƙaramin zarto ya koma 50, ka toshe bakin da ka yanke da ɗan roba da gam don katirij kada ya zame gefe. Wannan toshewar kada ka raina ta, in katirij ya gusa da ƙafa ɗaya 12V zai shiga inda bai kamata ba. Waya kuma tsohuwar faffaɗar wayar SCSI mai layi 50 ta yi, amma gajera, kada ta wuce tsawon tafin hannu in ba ka sa bafa, aisin da ke ƙarfafa sigina, ba. Su 74LS ɗin in ba a samu a Sabon Gari ba a Legas ana samu, ko ka ciro daga tsohon madabod ɗin.

Ummu_Z80:

Ina bin zancen nan da sha'awa, ni Commodore 64 nake da ita ba MSX ba. Tambaya ga Injiniya: to in dai matsalar ƙafa ta 4 ce kawai, me zai hana ya yi yadda ya faɗa tun farko amma ya sa makunni a kan ƙafa ta 4 na kowane soket, wanda yake so ya kunna sauran ya kashe? Irin na Commodore da yawa haka suke, makunnai ne kawai. Ba ya fi sauƙi fiye da aisi bakwai ba?

Injiniya_Samaru:

Hajiya tambayarki ta yi kyau, kuma zai yi aiki, amma zaɓe ne zai samu ba ƙari ba, ɗaya ne zai riƙa aiki a lokaci guda. Shi kuwa yana son RAM da SD da FM su yi aiki tare, wasan da ya loda daga SD ya zauna a RAM ya yi kiɗa da FM. Inda dabarar taki take ci sosai shi ne kayan da ba su da ROM ko RAM da ake gani ta rami, waɗanda ta fot kawai ake magana da su, irin katirij ɗin sauti MoonSound ko na hoto GFX9000. Su ba ruwansu da SLTSL, soket ɗin da aka haɗa kai tsaye ya ishe su.

Malam MaiRediyo na gode da ka kawo maganar wuta, haka yake. Ko IBM da kanta da ramuka biyar na PC ɗinta na 1981 suka yi wa mutane kaɗan, akwatin ƙarin da ta fitar mai lamba 5161 da wutarsa daban ya zo, da kati ɗaya a cikin PC ɗin ɗaya a cikin akwatin suna ƙarfafa sigina a kan wayar. Duk wanda ya yi wannan aikin da gaske sai ya bi ta kan abu biyun nan.

DanFagge_MSX:

Kai jama'a Allah ya saka muku da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Injiniya na yi gwajin, 0 da 0 ta ba ni, kenan duka biyun za su karɓi ekspanda ko? Katirij ɗin SD ɗin kuma ba MegaFlashROM ba ne, ƙarami ne mara RAM a ciki, Nextor ne a kansa, wato manhajar DOS mai sarrafa fayil, shi ya sa ma na sayi RAM ɗin daban mai 512KB don an ce sai da aƙalla 128KB irin mai mafa, wato mai juya ɓangarorin RAM ɗin don injin ya iya amfani da fiye da 64KB, kafin ya yi aiki da manyan fayil da folda yadda ya kamata.

Baba na Omdurman na ji shawararka kuma wallahi ta shiga raina, in Allah ya hore nan gaba zan nemi Carnivore2 ɗin. Amma yanzu kuɗin bai kai ba, kuma gaskiya ina son in koyi abin da hannuna, ko ba komai yarana su ga yadda ake yi. Na duba takardar ƙasan, 220 ce. Na yi maka alkawari ba zan huda ta ba, komai a waje zai tsaya.

Malam MaiRediyo zan shigo Sabon Gari ranar Asabar in sha Allah, na ma tuna akwai wani tsohon madabod a ɗakin ajiyar gidanmu mai irin baƙaƙen ramukan da ka ce, zan ɗauko shi.

Saura tambaya biyu. Na farko, wanne zan sa a ina? Don na lura in na sa katirij ɗin Alƙur'ani, ko a wane rami, kai tsaye yake tashi ba ya barin in shiga SD ɗin sam, to in ya zauna dindindin ya zan yi? Na biyu, maganar bafa da Malam ya ambata, dole ne ko zan iya tsallakewa? Ina son fanel ɗin ya zauna a gefen kwamfutar a kan tebur ba a samanta ba, don kada nauyin katirij huɗu ya karya bakin ramin, kenan wayar za ta ɗan yi tsawo.

Injiniya_Samaru:

Madalla, 0 da 0 na nufin duka biyun a buɗe suke, zaɓi wanda ƙafafunsa suka fi ƙarfi. Kuma ka yi sa'a da SD ɗinka mara RAM ne. Dalilin da na tambaya shi ne su Carnivore2 da MegaFlashROM SCC+ SD da Baba ya ambata, yadda suke cusa abubuwa da yawa a katirij ɗaya shi ne akwai ekspanda a cikinsu, suna cin babban rami su tsaga shi da kansu. In ka soka irinsu a ƙaramin rami ba za ka samu duk abin da ke cikinsu ba. Don haka ranar da ka sayi Carnivore2 kai tsaye a jikin kwamfuta zai zauna, ba a kan fanel ɗinka ba.

Maganar Alƙur'anin da ke tashi da kansa, ga abin da ke faruwa. In an kunna, BIOS na bin ramuka a jere daga 0 zuwa 3, in rami a tsage yake ta bi ƙananansa su ma a jere, tana leƙa adireshi 4000 da 8000 tana neman haruffa biyu, AB. Duk inda ta gansu ta san akwai ROM, sai ta kira shi. Irin na SD yana shirya kansa ne ya dawo wa BIOS da ragama ta ci gaba, sai an gama zagayen sannan DOS ya tashi. Na wasa ko na Alƙur'ani kuwa in ya karɓa ba ya dawowa. Shi ya sa ko a ina ka sa shi yake cinyewa. Maganin shi ne dabarar Hajiya: makunni a kan ƙafa ta 4 na soket ɗin da zai zauna, da resista 10k daga ɓangaren katirij ɗin zuwa 5V don layin ya tsaya sama in an kashe, kada ya yi ta lilo. Yara na son karatu a kunna, kana son SD a kashe, kuma a taɓa makunnin ne kwamfuta na kashe. Ni da zan jera, RAM da FM da SD a ƙananan ramuka uku na farko, Alƙur'ani a na ƙarshe mai makunni, ramin kwamfutar na biyu ka bar shi fanko don wasanni. Wasu tsofaffin katirij ba a rubuta su da tunanin ƙaramin rami ba, to in ka ga na Alƙur'anin ya ƙi tashi a kan fanel ɗin sai ka mayar da shi rami na biyu, ka yi masa ɗan gajeren soket mai makunni shi kaɗai.

Za ka kuma haɗu da tsofaffin firogiram na kaset da disk da suke farawa da umarnin POKE -1,170 ko POKE -1,255. Wannan -1 ɗin shi ne FFFF ɗin da muke magana, masu rubutun sun ɗauka kowa RAM ɗinsa na ƙaramin ramin da nasu yake. In ɗaya ya daskare maka ka canza layin zuwa POKE -1,(15-PEEK(-1)\16)*17, wannan yana lissafo daidai da kowane inji.

Bafa kuwa, tunda a gefe za ka ajiye shi, sa. 74LS244 a kan adireshi da layukan umarni, su hanya ɗaya suke bi daga kwamfuta zuwa waje, ba wahala. Data ne mai kai da komo, nan 74LS245 zai zauna, kuma dole ka gaya masa lokacin da zai juya wajen kwamfuta: in ana karanta ramin, wato SLTSL da RD duk suna ƙasa, ko in wani katirij ya saukar da ƙafa ta 10, BUSDIR, wadda da ita yake sanar da cewa yana amsa karatun fot. BUSDIR na soket huɗun kada ka murɗe su wuri ɗaya, ka bi da su ta get ɗin AND kowanne da resistarsa zuwa sama. In ka manta da BUSDIR komai zai yi kamar lafiya har sai ranar da wata manhaja ta nemi karanta fot ɗin mafa ta samu shirme. Bafa ɗin kuma a kusa da bakin kwamfutar ake sa su, kafin doguwar wayar, ba bayanta ba.

Sauti ƙafa ta 49 ce, tunda FM ɗaya ne gare ka haɗa kai tsaye ya isa, in ka ƙara na biyu sai ka sa wa kowanne resista kafin su haɗu.

MaiRediyo_SabonGari:

In ka zo Asabar ɗin ka taho da katirij ɗin wasa ɗaya wanda ka fi rainawa, da shi za mu fara gwaji ba da na Alƙur'ani ba. Kafin ma a soka komai za mu haɗa fanel ɗin da kwamfutar mu kunna ba katirij a kansa mu bi soket huɗun da mita ƙafa-ƙafa, mu tabbatar 5V na 45 da 47, 12 na 48, kuma ba inda ya taɓa maƙwabcinsa. Ka sa abokin naka ya yi alama babba a fanel ɗin ta gefen da fuskar katirij za ta kalla, don soket ɗin ISA da aka yanke ba shi da abin da zai hana a soka shi a juye. Ka taho da madabod ɗin da adaftar, ina da iska mai zafi da zarto a shago, bayan azahar na fi samun sarari.